Wankin haƙori a asibiti: na sama-sama ko mai zurfi, wanne ne ya dace da bakinka?

Mutane da yawa in sun ce za su je a wanke musu haƙori, a ransu abu ɗaya ne kawai, ka hau kujera ka wangale baki a ɗan goge maka ka sauko da fararen haƙora. To ba haka abin yake ba fa. Ƙarƙashin wannan sunan akwai aiki iri biyu da suka sha bamban sosai, akwai wankin sama-sama da ake cewa sikelin da folishin, akwai kuma wanki mai zurfi da ake shiga ƙarƙashin dasashi har jikin saiwar haƙori, sannan a gefe ga wasu abubuwa da ake ta tallatawa kamar su ma wanki ne alhali ba su ne ba. Abin da yake damuna shi ne yawancinmu da launin haƙori muke zaɓa, wanda haƙoransa suka yi ja shi ke gudu asibiti, wanda nasa suke fari tas kuma yana tofar da jini kullum da safe ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Dasashi ne ya kamata ya yi maka zaɓin, kuma akwai yadda ake auna shi.

Bari mu fara da abin da ake cirewa tukuna, don in ba ka san shi ba sauran bayanin ba zai zauna maka ba. Ka sa farce ka ɗan kankari jikin haƙorinka da safe kafin ka yi buroshi, wannan farin abu mai laushi mai danƙo da ya fito ba ragowar abinci ba ne kawai, ƙwayoyin cuta ne suka taru suka manne, kuma ko yanzu ka goge cikin 'yan awoyi sun fara dawowa. Wannan buroshi yana cire shi. Amma in ya kwana biyu a lungun da buroshi ba ya kaiwa, sinadaran kalsiyam da fosfet da ke cikin yawu sai su shige shi ya fara daskarewa, a hankali ya zama dutse, kamar dai farin ɓawon nan da ke taruwa a cikin butar da ake yawan tafasa ruwa. Da zarar ya kai nan to buroshi ya gama nasa, ko ka yi ta dirza har hannunka ya gaji ba zai ɓamɓaru ba, dasashinka kawai za ka ji wa ciwo. Ɗauki madubi ka duba bayan haƙoran gaba na ƙasa, ɓangaren da harshe ke taɓawa, da kuma gefen kunci na turamen sama, nan ya fi taruwa saboda nan ne hanyoyin yawu suke buɗewa. Na sama da dasashi yakan zama ruwan ɗorawa ko fari-fari, na ƙarƙashin dasashi kuwa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu saboda jini da ke cakuɗuwa da shi, kuma ya fi kama jikin haƙori da ƙarfi.

Shi dutsen a karan kansa ba shi ne babban mai laifin ba, matsalarsa jikinsa kaushi ne, ƙwayoyin cuta suna samun wurin maƙalewa dab da dasashi, dasashi kuma ya kumbura ya yi ja ya riƙa jini. A shekarar 1965 wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a Danmak sun sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma cikin kamar mako guda ya warke. Wannan matakin na farko kenan, kumburin dasashi zalla, yana warkewa tas ba ya barin tabo. Mataki na biyu shi ne wanda nake jin tsoro wa mutane, inda kumburin ya gangara ƙasa ya fara cinye zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙin da yake zaune a ciki, dasashi ya saki jikin haƙori, wani rami ya buɗe a tsakaninsu wanda likitoci ke kira aljihu. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, kuma abin haushin yawanci babu zafi, sai dai warin baki da jini da haƙori ya fara girgiza bayan shekaru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da wannan ciwon a mataki mai tsanani, sama da mutum biliyan 1 kenan.

To ta yaya za ka san a wane mataki kake? Da awo. Akwai wani siririn ƙarfe mara kaifi mai zane-zanen milimita a jikinsa, likita yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi ya ga iya inda ya nutse, in cikakken awo ne wuri shida ake aunawa a kowane haƙori, za ka ji yana kiran lambobi wani yana rubutawa, biyu, uku, biyu, huɗu da jini, haka dai har a zagaye baki. Milimita 1 zuwa 3 ba jini, lafiya lau. Milimita 4 an fara shiga wurin lura. Daga 5 zuwa sama, musamman in wurin yana jini kuma hoton eksire ya nuna ƙashi ya ja baya, to ciwon ya zauna. Dan Allah in ka je ka tambayi wannan awon, ka ce a gaya maka lambobinka, don duk zaɓin da za mu yi magana a kai a kansu ya rataya. Ni a ganina duk wanda zai ce maka kana buƙatar wanki mai zurfi bai auna ba, ko ya ce maka na sama ya isa bai auna ba, to ka nemi ya auna ko ka nemi ra'ayin wani likitan.

Wankin sama-sama na wanda lambobinsa suke 1 zuwa 3 ne, ko dasashi ya ɗan kumbura amma ƙashi bai taɓu ba. Ana kankare dutsen da ke sama da dasashi da wanda ya ɗan leƙa ƙasa kaɗan, sannan a bi da wani ɗan kofin roba mai juyawa da man gogewa mai ɗan gari-gari a share tabon shayi ko kofi ko taba. Zama ɗaya ne, yawanci rabin awa zuwa awa guda, galibi ba a buƙatar allurar kashe zafi, abin da za ka ji shi ne ƙara da sanyin ruwa da ɗan tsami nan da can. Ka tashi ka ci gaba da harkokinka. In ka kai harshe bayan haƙoran ƙasa za ka ji gefen kowane haƙori daban-daban, wurin da a da yake shafe kamar abu ɗaya.

Amma akwai wata magana a nan da ba kowa ke faɗa ba, kuma gara ka ji ta. Maganar nan ta dole kowa ya yi wanki duk wata shida, bincike bai goya mata baya yadda ake zato ba. A Birtaniya an yi wani babban gwaji mai suna IQuaD da aka fitar da sakamakonsa a 2018, mutum 1,877 a asibitocin haƙori 63, wasu ana musu wanki duk wata 6, wasu duk wata 12, wasu kuma ba a tsara musu ba sam, aka bi su shekara 3, a ƙarshe ba a ga wani bambancin kirki ba a yawan jinin dasashinsu. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tacewa, shi ma abin da ya samu kenan, dutse yana raguwa kaɗan ga masu yawan wanki amma lafiyar dasashi kusan ɗaya. Sai dai ka lura da su waye aka gwada, manya ne masu zuwa asibitin haƙori a kai a kai waɗanda ba su da ciwon dasashi mai tsanani. Ba da wanda ya shekara goma bai taɓa zama a kujerar likita ba ake, ba kuma da wanda dutse ya rufe masa wuyan haƙora ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin kula da lafiya, tun 2004 ta ce tazarar duba baki ga manya tana iya kamawa daga wata 3 har wata 24 gwargwadon haɗarin mutum, yara kuma kada ta wuce wata 12. Wato mai shan taba ko mai ciwon suga ko mai ƙarfen gyaran haƙori a baki ko wanda bakinsa ke saurin tara dutse zai riƙa zuwa da wuri, mai tsaftataccen baki kuwa yana iya jinkirtawa in likitansa ya duba ya yarda. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne dubawar ita ce ba a wasa da ita, wankin kuma ya biyo bayan abin da aka gani.

Wanki mai zurfi kuwa magani ne, ba na kariya ko kwalliya ba. Na wanda aljihu ya riga ya buɗe ne. A nan ana bin saiwar haƙori ƙasa inda ido ba ya gani, a fitar da baƙin dutsen nan da dattin da ke manne, a bar jikin saiwar sumul yadda dasashi zai iya komawa ya rungume ta. Saboda ana shiga wuri mai ciwo yawanci sai an yi allurar kashe zafi, kuma akan raba bakin gida biyu ko huɗu a yi zama daban-daban, ko kuma a gama duka cikin awa 24, ƙa'idojin ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai na 2020 sun ce duka hanyoyin biyu daidai ne, don haka wannan ka zaɓa gwargwadon lokacinka da juriyarka, in kai mai saurin gajiya ne da buɗe baki ka raba, in kuma zuwan ne ke maka wahala ka haɗa. Bayan an gama dasashi zai yi ɗan ciwo na kwana biyu-uku, haƙora za su riƙa tsami in ruwan sanyi ya taɓa su na wasu kwanaki ko makonni, man goge baki na masu tsamin haƙori yana taimakawa.

Me za ka samu? Kar a yi maka alƙawarin da ba gaskiya ba. Aljihu matsakaici mai milimita 4 zuwa 6 yakan ragu da milimita 1 da ɗan wani abu, mai zurfi daga 7 zuwa sama yakan ragu da kamar milimita 2. Ka ga kamar kaɗan ne amma aljihun da ya sauko daga 5 zuwa 4 ko 3 ya daina jini ya koma wurin da kai da kanka za ka iya tsaftacewa, wannan kuwa shi ne bambancin haƙorin da zai zauna da wanda za a cire. Ƙashin da ya lalace ba wankin zai dawo da shi ba, tsayar da ɓarnar ake yi. Sannan bayan kamar mako 6 zuwa 12 dole a sake awo, wuraren da suka ƙi sauka a sake bi, in har yanzu akwai masu milimita 6 ko fiye likita yana iya kawo maganar ƙaramar tiyata ta ɗaga dasashi a wanke a mayar. Daga nan kuma mutum ya shiga sahun masu zuwa duk wata 3 ko 4, aƙalla da farko, waccan maganar ta jinkirta wanki ba da shi ake ba ko kaɗan.

Kar kuma ka ce tunda mai zurfin ya fi ƙarfi bari a yi min shi kawai in huta. Tun farkon shekarun 1980 binciken Jan Lindhe da abokan aikinsa a Suwidin ya nuna in aka yi ta kankarar saiwa a wurin da zurfinsa bai kai milimita 3 ba, maimakon gyara sai dasashin ya ƙara sakin haƙori. Mai lafiyayyen dasashi da aka yi masa wanki mai zurfi an cuce shi, mai aljihun milimita 6 da aka yi masa na sama-sama shi ma an cuce shi, don zai fita da haƙora masu ƙyalli yana murna, ciwon kuma yana can ƙasa yana ci. Wannan na biyun ya fi ba ni tausayi saboda shi yana ganin ya sauke nauyi.

Sai batun kayan aiki, inji ko hannu, wanda mutane ke yawan gardama a kai fiye da yadda ya cancanta. Injin nan mai ƙara wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1950 yana da ɗan siririn baki da ke karkarwa kamar sau 25,000 zuwa 30,000 a sakan ɗaya, wasu ma fiye, yana fesa ruwa don kada ya yi zafi kuma ruwan ya riƙa wanke abin da ya farfashe. Yana da sauri, yana da kyau wurin dutse mai yawa, kuma siraran bakunansa suna shiga lungun da saiwar turmi ta rabu biyu. Illarsa ƙarar da wasu ba sa so, da tsamin da ruwan sanyi ke tayarwa, da feshin da ke tashi a iska. Kayan hannu kuwa ƙananan ƙarafa ne masu lanƙwasa da kaifi, shahararru cikinsu su ne waɗanda Clayton Gracey ya tsara a shekarun 1940 kuma har yau da sunansa ake kiransu, kowanne da ɓangaren haƙorin da aka yi shi dominsa. Ba ƙara, ba feshi, mai aikin yana jin kaushin dutse a yatsunsa, amma yana ɗaukar lokaci kuma za ka ji ana kankara da ɗan ƙarfi. Waɗancan ƙa'idojin na 2020 sun ce sakamakon ɗaya ne, a yi da inji ko da hannu ko a haɗa, kuma a aikace mafi yawan masu aikin haɗawa suke, inji ya kwashe mai yawa hannu ya bi ya ƙarasa. Ni da za a tambaye ni, gwanintar mai riƙe da kayan da lokacin da ya ba bakinka sun fi sunan na'urar muhimmanci nesa ba kusa ba. Inda zaɓin yake da ma'ana shi ne in haƙoranka suna tsami sosai, ko kana da matsalar numfashi ko haɗiya, ko an saka maka na'urar daidaita bugun zuciya, to ka faɗa tun kafin a fara, likita zai san irin injin da zai guje wa ko ya koma hannu. Mai dashen haƙori shi ma ya faɗa don akwai bakunan da aka keɓe masa.

Akwai kuma na'urar feshin gari, wadda ke harba iska da ruwa da gari mai laushi, a da da garin soda irin na yin burodi ake yi, yanzu an fi amfani da gilaisin ko eritiritol da suka fi taushi. Wurin share tabo da datti mai laushi tana da kyau ƙwarai, kuma ta fi daɗi a baki, masu ƙarfen gyaran haƙori suna jin daɗinta. Amma ba ta fasa dutse, don haka ƙari ce a kan sikelin, ba madadinsa ba. Na'urar hasken leza kuma da ake yi wa talla da yawa, ƙa'idojin ba su ba da shawarar ƙara ta a kan wankin ba don ba a ga ƙarin amfanin da ya taka kara ya karya ba. Haka ma ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta, ba kowa ake ba ba, sai wasu keɓaɓɓun yanayi kamar matashin da ciwon ke ci da sauri, kar ka je ka saya da kanka ka ce kana maganin dasashi.

Yanzu ga waɗanda ba wanki ba ne. Farar da haƙori da sinadarin feroksaid abu ne daban, launin cikin haƙori yake canzawa, ba ya cire dutse ko ƙwaya ɗaya, kuma in aka shafa shi kan kumburarren dasashi zafi ne kawai. Shi wanki yana mayar maka da asalin launin haƙorinka ne, in asalin ɗan ruwan madara ne to haka zai fito, kar ka ce ba a yi aiki ba. In kana son duka biyun to wanki da lafiyar dasashi ne farko. Sai ƙananan injuna da ƙarafan kankara da ake sayarwa a intanet wai ka yi wa kanka a gida, gaskiya ban yarda da su ba sam. Ba ka ganin bayan haƙoranka balle ƙarƙashin dasashi, ba ka san kusurwar da ake riƙe ƙarfen ba, ba ka da hanyar dafa kayan a kashe ƙwayoyin cuta yadda asibiti ke yi, abin da zai faru shi ne ka ɓalle ɗan na gaba da ake gani, ka yanki dasashi ko ka karce wuyan haƙori, wanda ke ɓoye kuma yana nan. Gawayi da lemun tsami da soda da ake haɗawa a bidiyo su kuma ɓawon haƙori suke ci, kuma wannan ɓawon in ya tafi ba ya sake tsirowa. Ruwan kurkurar baki mai kilohezidin yana da amfani na ɗan lokaci in likita ya rubuta, amma in aka daɗe ana yi yana sa haƙori da harshe su yi duhu, shi ma ba ya narkar da dutse.

Na san abin da ke hana mutane da yawa zuwa, ana cewa wanki yana buɗe giɓi tsakanin haƙora, yana sa su girgiza, yana cinye su. Na fahimci inda tsoron ya samo asali don mutum da idonsa ya ga ɗan uwansa ya dawo daga asibiti da ramuka baƙaƙe a tsakanin haƙoran ƙasa waɗanda babu su da safe. Amma ramukan suna nan tun da, dutse ne ya cike su, kumburarren dasashi kuma ya rufe sauran, da aka cire dutsen kumburin ya saɓe sai ɓarnar da aka shekara ana yi ta bayyana. Girgizar ma haka, ƙashi ya riga ya ja baya, dutsen ne ya haɗe haƙoran wuri ɗaya suka zama kamar suna da ƙarfi alhali shi ne ke ƙara cin ƙashin a ƙasa, kuma sau da yawa bayan wasu makonni in kumburi ya sauka girgizar takan ragu. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, wankin da ƙwararre ya yi yadda ya kamata ba ya cinye shi. Duk wanda ya jinkirta saboda tsoron giɓi, giɓin da zai tarar daga baya ya fi girma.

Akwai waɗanda nake so su ɗauki maganar nan da muhimmanci fiye da kowa. Masu ciwon suga, ciwon dasashi da suga suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma nazarin Cochrane na 2022 ya samu cewa maganin dasashi yana sauke awon suga na wata uku da ake kira HbA1c da kusan maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke fama. Masu shan taba, ku kuma taba tana matse jijiyoyin jini, dasashi ba ya jini ko da ciwon ya yi nisa, don haka rashin ganin jini a wurinku ba shaida ba ce, awo kawai, kuma wankin ba ya kama muku yadda yake kama wa wanda ba ya sha. 'Yar uwa mai juna biyu, in kin ga dasashinki ya kumbura yana jini kar ki ce sai kin haihu, sauyin sinadaran jiki ne ke ƙara shi kuma wanki ba ya cutar da ciki, ki dai gaya musu watanninki. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin su faɗa, amma kada su daina sha da kansu. Wanda aka canza wa bawul ɗin zuciya ko ya taɓa ciwon ƙwayoyin cuta a cikin zuciya ya faɗa tun ranar da zai karɓi lokaci, don wataƙila a ba shi magani kafin a fara. Wasu magungunan hawan jini kamar amlodifin da nifedifin da maganin farfaɗiya fenitoyin suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori, masu shansu suna buƙatar wanki a kai a kai.

Kowanne ka zaɓa, cikin 'yan awoyi farin dattin nan zai fara dawowa, don haka rabin aikin a hannunka yake, buroshi mai laushi minti biyu sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, ka karkata gashin buroshin zuwa bakin dasashi, ka tofar kar ka kurkure da ruwa, sannan tsakanin haƙora sau ɗaya a rana da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakani, wanda ya fi dacewa da masu giɓi bayan wanki mai zurfi. In ya yi jini a kwanakin farko kar ka daina, mako ɗaya zuwa biyu yakan tsaya. Ka ce wa mai wankin ya nuna maka a madubi inda kake tsallakewa da girman buroshin tsakanin da ya dace da kai, wannan minti biyar ɗin suna da amfani sosai kuma mutane ba sa tambaya.

Don haka in ka zauna a kujerar, fara da awo. Lambobi 1 zuwa 3, ƙashi lafiya, wankin sama-sama ya ishe ka, ku tsayar da tazarar dawowa da likita gwargwadon yadda bakinka ke tara dutse. Milimita 4 nan da can ba asarar ƙashi, yawanci wanki na sama mai kyau da gyara gogewa a gida sannan a sake aunawa. Daga 5 zuwa sama da jini, ko mugunya, ko haƙori na girgiza, ko hoto ya nuna ƙashi ya sauka, wanki mai zurfi ne, ka tambayi zama nawa za a yi da ko za a yi allura, kuma kafin ka bar wurin ka karɓi ranar dawowa sake awo ka ce a rubuta maka lambobin yau don a kwatanta da na ranar.